Turakun ƙarfe na shingen waya: kala uku na gwada a gonata, ga yadda muka kwashe da kowanne

Duk wanda ya biyo ta gefen gonata sai ya tsaya ya kama turke ɗaya ya girgiza, sannan ya tambaye ni wa ya yi min kuma nawa na kashe. To nawa ɗin dai ba zan faɗa ba, don farashin ƙarfe a ƙasar nan kafin ka gama karanta wannan ma ya canza. Amma yadda turakun suke, da irin wuyar da na sha kafin na gane na kirki da na banza, wannan kam ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa.

Gonar tana wajen Kano ta hanyar Zariya, kusan hekta ɗaya ce, idan ka zagaye ta mita 400 kenan. Mangwaro da gwaba na dasa sai ɗan zogale a gefe. Wanda ya taɓa dashe ya san abin da ke biyo bayan kaka, ana gama kwashe amfani za a saki dabbobi, ita kuwa akuya ba ruwanta da nawa ka sayi dashen, a dare ɗaya za ta aske maka shi tas. Da itace na fara kafa wayar, ba a yi shekara biyu ba gara ta cinye gindinsu, waɗanda gara ta bari kuma masu neman itacen girki suka taimaka mata. Shi ne a 2021 nace bari in yi na ƙarfe in huta gaba ɗaya. Ashe hutun da saura.

Na farko wani mai walda ne ya yi min, ba zan kama sunansa ba don har yanzu muna gaisawa. Naje nace Malam turakun shinge nake so guda 160, tunda idan ka raba mita 400 a kan tazarar mita 2 da rabi abin da zai ba ka kenan. Yace Alhaji an gama, angul zan saka maka, wato ƙarfen nan mai gefe biyu kamar harafin L, mai ƙarfi, jikokinka ma sai sun gaje shi. Ni kuma a lokacin a wurina ƙarfe ƙarfe ne, ban tambayi kauri ba, ban tambayi komai ba, farashi kawai muka ja. Ya yanka kowane sanda gida uku, mita bibbiyu, ya fiƙe ƙasan, ya ɗauki injin yanka ya yi wa gefen kowanne tsaga shida inda waya za ta zauna, ya shafa jan fenti. Ranar da aka sauke su daga mota wallahi sun yi kyau, har hoto na ɗauka.

Wani dattijo da muke maƙwabtakar gona shi ya fara tsinka min zuciya. Ya ɗaga ɗaya da hannu ɗaya ya jijjiga yace Alhaji wannan ƙarfen naka ai ɗan uwan kara ne. Nace haba Baba, sabo ne fa. Yayi dariya kawai ya ajiye.

Damina ɗaya ta nuna min gaskiyar Baba. Abu na farko da ya fara ba da kai shi ne kusurwa. Mai waldan nan irin turken da ya yi wa tsakiyar layi shi ya yi wa kwana, babu bambanci, babu abin tokarewa, to da yaran suka ja waya mai ƙaya layi shida suka ɗaure, duk ƙarfin jan nan a kan turken kwana yake sauka, ƙasa na jiƙewa sai ya fara sunkuyawa ciki kamar mai gaisuwa, yana sunkuyawa wayar gaba ɗaya ta saki, daga wannan kwanar har waccan. Waya kuwa in ta saki sunanta igiyar shanya. Na biyu kuma tsagar nan da ya yi da injin yanka. Na lura duk turken da ya lanƙwashe, daidai kan tsagar ya lanƙwashe, ba sama ba ba ƙasa ba. Saniya ta zo ta soshe jikinta sau ɗaya, sai ka ga turken ya karye gwiwa a tsaga ta biyu daga ƙasa. Ƙarfin angul a gefunansa biyun nan yake, ka yanke rabin gefe ɗaya ka kashe shi kenan. Kuma a cikin tsagar ruwa ke maƙalewa, nan tsatsa ta fara ci. Fentin ma ashe da fetur ya tsinka shi ya shafa a kan tsatsar da ke jiki, wata uku ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa.

Wani ɗan yayata da ya karanci injiniya shi ya koya min dabarar da har yau nake gode masa. Yace Kawu ka daina jayayya da masu ƙarfe a kan kauri, sikeli za ka nema. Angul mai faɗin milimita 40 kowane gefe, idan kaurinsa milimita 3 ne, kowace mita tana da nauyin kilo 1.8 da ɗan ɗoriya, idan milimita 4 ne kilo 2.4 ne. Wato turke mai mita 2 ya kamata ya kai kusan kilo 3.7 in mai uku ne, kusan kilo 4.8 in mai huɗu ne. Muka tuge ɗaya muka kankare ƙasar jikinsa muka kai wurin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke da sikelin rataye. Allurar ta tsaya a kilo 2 da rabi. Na ce a sake, aka sake, nan ta tsaya. Mai sikelin ya dube ni yace Alhaji in sayarwa za ka yi ina so. Kaurin milimita 2 kenan aka yi min, ni kuma na biya ina murna.

Da na koma wa mai waldan yace ai Alhaji kai ne ka ce a yi maka sauƙi. Kuma tsakani da Allah na faɗa. Shi ya sa ban yi dogon faɗa ba.

Kala na biyu su ne na waje. Wani abokina da ke kiwon shanu ya sayo da yawa daga Legas, 'yan Chana ne, ya sayar min guda 20 in gwada. Idan ka kalli bakinsu daga sama kamar harafin Y suke, fiffike uku, ɗaya daga cikin fiffiken an jera masa huda tun daga sama har kusan ƙasa, jikinsu baƙi an tsoma su a wani abu kamar kwalta. Wannan ƙirar ita manoman Ostireliya suka fi amfani da ita, can suna kiransa tauraro saboda siffar bakinsa. Amurkawa kuma nasu siffar T ne, da 'yan ƙusoshi ƙusoshi a jere a fuskarsa don kada waya ta zame sama ko ƙasa, sannan a kusa da gindi an manna masa wani faranti kamar bakin shebur wanda ke shiga ƙasa ya hana shi juyawa ko jirkicewa. Su ma da nauyi suke sayar da shi, za ka ji ana cewa mai fam 1.25 ko mai fam 1.33 a kowace ƙafa, wannan na biyun kusan kilo 2 kenan a mita. Kun ga ashe zancen sikelin nan ba ƙauyanci ba ne, masu abin ma haka suke yi. Su ai sun daɗe a harkar, ita kanta waya mai ƙaya irin wadda muke gani yau wani manomi ne a jihar Illinois, Joseph Glidden, ya yi mata rajista tun 1874.

Gaskiya mai Y ɗin nan ya burge ni ta wajen aiki. Ba haƙa rami, ba siminti, ba jiran kankare ya bushe. Aka haɗa min wani abin bugawa, guntun fayif ne mai nauyi an toshe samansa an yi masa hannu biyu, sai ka zura shi a kan turken ka riƙa ɗagawa kana saki, kafin minti biyu ya shige. Ya fi guduma nesa ba kusa ba, don guduma tana fasa kan turken kuma in ta kuskure yatsan yaronka ne. Mutum biyu suka kafa guda 20 ɗin kafin shayin safe ya huce. Kuma saboda fiffike uku ne, ta duk inda ka tura shi yana da abin da zai tokare, ba kamar angul ba da yake da ɓangaren da ya fi rauni. Ƙarfensa ma daban ne, yana da tauri, ka tanƙwara shi kaɗan ya dawo.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Gonata gefen gabas jigawa ce, yashi ne zalla, gefen yamma kuma marmara ce. A cikin yashi yana shiga kamar allura, haka kuma yake fita kamar allura. A marmara kuwa cikin rani ko ka mutu ba zai shiga ba, ɗaya sai da bakinsa ya murɗe, dole muka zuba ruwa muka bari ya kwana. Sannan babbar matsalar, wanda ya ƙera abin nan bai san da 'yan gwangwan ba. Ba nace duk masu sana'ar ɓarayi ne ba, akwai masu neman halal ɗinsu kuma ɗaya daga cikinsu ne ma ya ara min sikeli, amma duk wanda ke da ƙarfe a fili a ƙasar nan ya san zancen. Abin da aka buga da hannu, girgiza biyar za a yi masa a zare. Wata safiya na zo na tarar babu guda uku a jere, an kwance wayar a hankali an ajiye min ita a ƙasa, ko yankewa ba a yi ba, ɓarawon mai tarbiyya ne. Don haka in gonarka akwai mai gadi ko a cikin gida za ka raba wa dabbobi wuri, ko shinge ne na wucin gadi da za ka tuge bayan girbi, wannan turken ba shi da na biyu, zan ba shi takwas cikin goma. In kuwa gonar a bakin hanya take ba kowa, to sadaka ka kafa.

Na uku su ne waɗanda ke tsaye yanzu, kuma su ne mutane ke girgizawa. A 2023 na yi su. Wannan karon da kaina naje Kasuwar Ƙofar Ruwa da tef ɗina a aljihu, na zaɓi angul mai milimita 4, na sa aka ɗora a sikeli a gabana, na kuma auna tsawon, don sandan da ake ce maka mita 6 ne ba kullum yake cika ba, in bai cika ba kuma lissafin gida ukun ka ya rushe. Sannan na kai wa wani mai walda daban, dattijo ne, ba ya son surutu. Na fara yi masa bayanin abin da nake so ya ɗaga min hannu yace Alhaji wace irin ƙasa ce a gonar, kuma me kake tsoro, akuya ko saniya ko mutum? Nace duka ukun. Yace to zauna.

Tun daga wannan tambayar na san na zo wurin mai sana'a. Ga abin da ya yi. Tsaga dai yace ko kyauta ba zai yi ba, huda ya yi da injin huda, ƙanana, a tsakiyar gefe ɗaya. Mutane da yawa suna zaton ta cikin hudar ake zura wayar, a'a, waya mai ƙaya ba za ta bi ta huda ba ai, wayar tana kwanciya ne a jikin turken sai a zura guntuwar wayar ɗauri ta hudar a murɗe ta da filaya. Kuma bai raba hudar daidai wa daida ba, na ƙasa ya matse su kusa kusa, kamar tazarar santimita 10 zuwa 15, na sama ya buɗe su, yace akuya ta ƙasa take shiga ba ta sama ba. A gindin kowane turke kuma ya gicciya guntun ƙarfe kamar tsawon taƙi ya walde, daga ragowar yanke yanken ya samo su, ko sisi ban ƙara ba. Wannan guntun shi ne sirrin, in ya shiga cikin kankare to mai son zare turken sai dai ya zo da diga ya kwana yana haƙa.

Turakun kwana kuwa daban ya yi su gaba ɗaya. Fayif ne mai inci 3, ya fi sauran tsawo, don shi kusan santimita 90 yake shiga ƙasa alhali na layi 60 ne, kowanne da matokara biyu da suka jingina da shi ta ɓangarorin da waya ke ja, su ma ƙafarsu a cikin kankare. Ya kuma sa irin wannan mai matokarin a tsakiyar kowane dogon layi, wajen kowace mita 50, don a nan ake jan waya a ɗaure, sauran turakun aikinsu kawai su riƙe ta kada ta sauka. Ni da ban san haka ba, na ɗauka kowane turke ja yake. Saman fayif ɗin duk ya toshe da faranti ya walde, yace in ka bar shi a buɗe ruwan sama zai taru a ciki ya ci shi ta ciki, kana ganin fenti lafiya lau a waje ashe ciki ya zama garin tsatsa.

Har gonar ya biyo mu ranar kafawa, a kan mashin ɗinsa, ban ma roƙe shi ba. Ya tarar yaran sun fara ɗaura waya ta cikin gona yace a kwance. Wayar ta waje take zama, ta ɓangaren da dabba za ta turo, yadda in ta tura to jikin turken take dannawa, in kuwa ta ciki take to 'yar wayar ɗaurin ce kaɗai ke riƙe da saniya guda. Sannan kankaren gindin ya hana a bar shi a kwance ko a binne shi, yace a ɗago shi sama da ƙasa kaɗan a yi masa gangare kamar hular kwano, ruwa na sauka ya gangare. Dalili kuwa turken ƙarfe ba a sama yake ruɓewa ba, ba kuma can ƙasa ba, daidai wuyan nan inda ya haɗu da ƙasa yake ci, inda danshi da iska suke haɗuwa. Na koma na duba tsofaffin nawa, wallahi haka ne, duk a wuya suka sirance. Shi ya sa ma kafin a kafa ya sa muka shafe gindin da kwalta har ya haura inda ƙasa za ta tsaya da kamar taƙi ɗaya.

Na tambaye shi zancen galbanaiz, wato ƙarfen da aka tsoma a narkakken zink, irin ruwan nan da ke jikin kwanon rufi, tunda kowa na cewa shi ne ba ya tsatsa. Yace yana da kyau in da kuɗi, kuma ya fi fenti daɗewa nesa, amma in sani duk inda aka walda ko aka yanka to ruwan ya ƙone a wurin, sai an bi da fenti, in ba haka ba daga nan tsatsar za ta kama. Hayaƙinsa ma in ana walda yana sa zazzaɓi, shi ya sa a waje yake yin sa. A ƙarshe na kwana da na ƙofa kawai muka yi da galbanaiz, sauran jan fenti aka yi musu hannu biyu bayan an goge su da burushin waya, sannan aka bi da kore.

To ba wai babu abin kushewa ba. Na ɗaya aikin yana cin lokaci da kuɗi, ramuka sama da ɗari da hamsin, siminti, tsakuwa, ruwan da sai an ɗauko a kura, sannan ka jira kwanaki kankare ya kama kafin a ja waya, mu mako guda muka ba shi. Na biyu shi dattijon ba ya sauri, yace min sati biyu sai da muka yi wata, kuma wayarsa kullum a kashe. Na uku, wannan laifina ne da shi duka, mita 2 ta yi kaɗan. In ka binne santimita 60 abin da ya rage a sama mita 1.4 ne, ya isa dabba amma saurayi mai son mangwaro dafa turken kawai zai yi ya tsallake. Da zan sake, mita 2.4 zan yanka, a lanƙwasa kan waje a sa layi biyu na ƙaya a sama, ragowar mita ɗaya da 'yan kai na kowane sanda kuma su tafi a matokara. Kuma duk matse layin da muka yi, 'yan awaki ƙanana sai da suka riƙa silalewa, dole daga baya na ƙara waya mai raga a ƙasa, tsayin kamar ƙugu. Nan ma hudar ta yi rana, don ban sake kiran mai walda ba, ɗauri kawai aka yi.

Damina biyu yanzu, turakun kwana huɗun nan ko motsi ba su yi ba, wayar in ka taɓa ta har ƙara take. Guda ɗaya ne ya lanƙwashe, shi ma tarakta ce ta ja baya ta hau shi, muka miƙe shi da fayif. An gwada tuge biyu ta gefen hanya, na ga alamar an haƙa an gaji an bari. In maki ne zan ba wannan tara, ɗayan na riƙe saboda tsawon da kuma watan da ya ci min. Fentin ya fara kodewa ta gefen da rana ke duka, na sayi galan ɗaya na ajiye, so nake a bi wuyan kowanne kafin ruwan farko ya sauka. Tsofaffin 'yan milimita 2 ɗin kuwa, waɗanda suka miƙu na kai gida uwargida ta kafa wa kabewa da tumatir, sauran na mayar wa mai sikelin nan, kilo kilo ya saya.